Garken da Na Sauke Cikin Kwari

Shekaranjiya muna zaune bayan la'asar a ɗakinmu na unguwar Waziriyya a Jidda, wayar 'yata ta yi ƙara. Ta duba ta ce mini, rabi da Larabci rabi da Hausarta mai ɗingishi, wai ana gargaɗi za a yi ruwa, kada kowa ya kusanci kwari. Ta ajiye wayar ta ci gaba da yankan albasarta. Ni kuwa shayin da ke hannuna har ya huce ban kai shi baki ba. Yau ƙarfe ne yake gaya wa mutum ruwa na tafe, ƙarfen da bai san sunanka ba, bai taɓa cin tuwon gidanka ba. Abin ya tayar mini da wani sanyi da na yi a ƙauye, can kudu maso gabashin Jidda, lokacin gemuna bai gama fitowa ba.

'Ya'yan yanzu idan ka ce musu Jidda tana da ƙauye, sai su dube ka kamar ka fara ruɗewa. Ba laifinsu ba ne. Inda muka zauna ɗin, yau ɗakunan ajiyar kaya ne a jere, da manyan motoci, da fitilun da ba sa mutuwa, har mutum ba zai iya cewa ga inda yini ya ƙare ba. A da kuwa gonar wani Balarabe ce, da rijiya ɗaya mai inji, da dabino kaɗan, da filin barsim, ciyawar da ake yanka wa dabbobi. Gidajenmu shida ne a kan tudu, duk Hausawa, duk sandaƙa, wato ɗakin katako da kwano wanda da zafi yake dafa ka, da sanyi kuma ya bar ka da iska. A ƙasan tudun akwai wani kwari mai faɗi, yashi zalla, da itatuwan ƙaya nan da can. Daga gabas kuma duwatsu ne baƙaƙe, ana hango su can nesa.

Wanda ya kai ni wurin ɗan garinmu ne, unguwarmu ɗaya, mahaifiyarsa ce ma ungozomar da ta yanke mini cibiya. Ya riga ni zuwa da shekara goma sha wani abu, Larabci ya zauna a bakinsa, shi ne wakilin gonar. Yaya nake ce masa, kuma har zuciyata nake faɗa. Da muka sauke farali ni da maiɗakina muka ƙi komawa gida, kamar yadda mutane da yawa suka yi, shi ya zo ya same mu a unguwar Karantina muna raɓe a gidan wasu, ya ce mu tattara. Ya ba mu tabarma da tukunya da bargo guda. Ya kai ni gaban mai gonar ya ce wannan ƙanena ne, ya san akuya. Aka danƙa mini garke. A duk gonar shi kaɗai ke da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Sauranmu a inuwarsa muke, wanda ya ce ya zauna ya zauna, wanda ya ce ya tafi kuwa kafin azahar ya ɗaure kayansa.

Sanyin can ba irin na cikin gari ba ne, wanda mutum zai sa riga biyu ya ce ya ji jiki. Iska ce take saukowa daga arewa, ta bi ta tsagin katako tana fito, ta shiga har ƙashi. Ga yinin ba auki. Rana sai ta yi ta jan jiki a bayan duwatsu kamar malalacin da ake tasa zuwa gona, ta fito a makare, ka ɗan yi kiwo ka ga azahar ta yi, kafin ka juya la'asar ta wuce, magariba ta faɗo maka a ka. Lantarki babu. Saboda haka komai da sauri ake yi. Da asuba za ka ji injin rijiya yana tari, sai ya yi uku ko huɗu kafin ya yarda ya tashi. Sai ƙarar lauje a cikin barsim mai raɓa, yatsu sun sandare, mutum na hura musu iskar baki. Sai lugude daga bayan ɗakuna, domin matanmu sun ƙi garin kanti, sun ce tuwonsa ba ya zama a ciki. Ruwan alwala tun da rana ake ɗiba a ajiye kusa da murhu. Duk namijin da ya dawo daga daji hannu rabbana, ba ɗaurin kirare a kansa, ranar zai sha baƙar magana a wurin mata, kuma ba mai shigar masa.

Da an sallame magariba sai a taru a rumfar wani tsoho da muke kira Baba. Shi da ƙafa ya zo ta Sudan tun yana saurayi, ya shekara bakwai a hanya, ba ya gajiya da ba da labarin, mu ma ba ma gajiya da yi masa gyara idan ya ƙara gishiri, domin kurar da ta bi shi a jeji kullum ƙara girma take yi. Fitilar ƙwai ɗaya ake ratayewa don kananzir ya yi auki, kowane gida da ranar da zai zuba. A tsakiya kasko ne cike da garwashi. Kowace mace ta kawo abin da ta dafa a haɗa, maza kwano ɗaya, mata kwano ɗaya, tuwon dawa da miyar kuka, kukar da alhazai ke kawowa daga gida, ana tattalinta kamar turare. Hannu ba ya zama banza, wani na tufkar igiya, wani na ɗinkin buhu, Baba na saƙa tabarma da kabar dabino ba tare da ya duba ba. Idan ya ga babu wani a wurin sai ya aika a kira shi. Yakan ce, "Kada wanda ya zauna shi kaɗai a ɗaki a watannin nan, tunanin gida zai kama shi. Ku fito ko ba ku da abin faɗa." Da an yi isha'i kowa ya ɗebi garwashinsa a murfin gwangwani ya nufi ɗaki. Ban taɓa jin ni ɗan'uwan mutane ne ba kamar a rumfar nan. Yau muna da fitila a kowane lungu da injin ɗumama ruwan wanka, amma maƙwabcina na sama shekara huɗu ke nan ban san garinsu ba.

Akwai abu ɗaya da na zo da shi daga gida a cikin kaina, kuma ban taɓa zaton abin tambaya ne ba. A wurinmu idan sanyi ya shigo, ruwa ya ɗauke ke nan sai baɗi. Lokacin ne ake barin dammunan gero a fili, a shanya kuɓewa a kan rufi, a kai dabbobi cikin busasshen rafi su kwana, saboda gaɓar rafin tana tare iska, yashin kuma yana riƙe ɗumin rana. Kakana haka ya yi, mahaifina haka ya yi. Da na zo nan na yi zafi guda ina duban sama ina jiran damina, ko ɗigo ban gani ba. Sanyin farko ya zo ya wuce, shi ma haka. Sai na yanke wa kaina cewa ƙasar nan ba a ruwa, kwarin nan kuma ya mutu tun zamanin kakanni. Nakan ga tarkacen itace maƙale a rassan ƙaya sama da tsayina, in ce aikin iska ne. Ban san cewa a nan da sanyi ake ruwa ba, kuma ba sai ya zuba a kanka ba, yana iya sauka a kan duwatsu can nesa, ya biyo kwari ya iske ka kana tsaye a busasshiyar ƙasa.

A farkon sanyi na biyu mai gonar ya zo da motarsa, ya zagaya garken, ya ga awaki sun yi ƙiba, haihuwa ta yi kyau. Ya dafa kafaɗata ya yi magana mai tsawo. Yaya ya fassara mini: mai gonar yana da damar yi wa makiyayi ɗaya iƙama, shi zai zama kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, in dai sanyi ya fita garken yana lafiya. Wanda bai taɓa zama babu takarda ba ba zai gane abin da na ji ba. Iƙama ita ce ka hau mota ba ka waige-waige, ka kai matarka asibiti ta ƙofar gaba, ɗanka ya shiga makaranta. Maiɗakina tana da ciki wata biyar a lokacin. Ranar ta soya waina aka ci a rumfar Baba, kowa ya sa albarka, Yaya ma ya sa. Bayan kamar sati uku sai ga ƙanen Yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo umra ya maƙale, shi ma ba takarda. Ni na taya su kafa masa sandaƙa, ban kawo komai a raina ba.

Sai sanyi ya tsananta. Garken yana kan tudu, iska na dukansa ta ko'ina. Wata safiya na tarar da 'yan awaki biyu sun sandare, washegari ɗaya. Hankalina ya tashi, domin kowane ɗan akuya da ya mutu ji nake takardar tana ƙara nisa da ni. Na sami Yaya a bakin rijiya yana ɗaura wa jakinsa mangala.

"Yaya, ina so in sauke garken cikin kwari, kamar yadda ake yi a gida. Gaɓar can za ta tare musu iska."

Ya daɗe yana jan igiyar bai dube ni ba.

"Kai ne makiyayi," ya ce. "Kai ka san dabbobinka."

"Ba damuwa a wurin mai gona?"

"Mai gona lafiyar garkensa yake so. Yalla, rana na tafiya."

Abin da ya faɗa ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Shekara talatin da wani abu ina juya maganar nan ban sami ƙarya ko ɗaya a cikinta ba, kuma abin da ke ƙona ni ke nan.

Kwana biyu na yi ina saran ƙaya. Na yi shinge mai tsayi mai kauri a tsakiyar kwarin, wanda ko kare ba zai sami wurin cusa hanci ba, na yi masa ƙofa ta ɗaurin waya. A rumfa na ba da labari ina alfahari, har ina tsokanar su cewa sun daɗe a Makka sun manta dabarar iyayensu. Baba ya tona garwashi ya ce Allah ya tsare, wani ya ɗauko zancen injin rijiya, aka bi shi. Washegari na ga Yaya da ƙanensa suna kwashe buhunan gawayinsu daga gindin gaɓa suna haurawa tudu. Har na ajiye sandata na taya su ɗaukar biyu.

Kwana goma garken ya yi a kwari, ko ɗan akuya ɗaya bai mutu ba, ni kuwa sai tafiya nake ina buɗa kafaɗa. A rana ta goma sha ɗaya na shigar da su da wuri kamar kullum, saboda gajartar yini, na ɗaure ƙofar tamau, na hau tudu. Gabas ta yi baƙi a kan duwatsu, ana ɗan walƙiya can ƙasa-ƙasa, amma a kanmu ko yayyafi babu. Ina alwalar magariba na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na farkon damina a gida, har na yi murmushi. Sai na ji wani gurnani kamar manyan motoci sun jero. Wata mata ta fito da gudu tana janye 'ya'yanta tana cewa, "Sel, sel ya sauko." A ranar na fara jin kalmar. Ashe har suna gare shi.

Na ga ruwan da idona, ja, yana turo itatuwa da duwatsu a gabansa, ya cika kwarin daga wannan gaɓa zuwa waccan. Na jefar da butar na ruga. Ina dab da gangarawa wani ya rungume ni ta baya ya kayar da ni. Yaya ne.

"Halas, ƙanena, bar su. Ranka ya fi."

Ya danne ni a ƙasa ina jin kukan awakin. Da ban yi shingen da kyau ba, da wasu sun tsallake sun hau gaɓa. Amma na yi shi da kyau, ya riƙe su har ruwan ya iso. Duhu kuma bai jira ba, ya rufe komai, kukan ya yi ta raguwa. Da gari ya waye muka bi kwarin muna ganin su rataye a rassan ƙaya, daidai inda nake ganin tarkacen nan in ce iska ce. Abin da ya tsira sai 'yan marasa lafiya da na bari a bayan ɗakina.

Mai gonar ya iso a rana ta uku, da hanya ta buɗe. Bai yi ihu ba. Ya tsaya a bakin gaɓa ya daɗe, sannan ya juya ya tambayi Yaya. Larabcina a lokacin bai wuce na sayen burodi ba, amma na san yadda ake cewa na gaya masa. Sau biyu Yaya ya faɗa, yana nuna ni da hannu: "Gult lu, ya ammi. Gult lu." Na buɗe baki zan kare kaina, sai na tuna wanda zai fassara. Na rufe bakina. Mai gonar ya ce ba zai kira hukuma ba, amma kada gobe ta same ni a gonarsa. Yaya da kansa ya ɗaukar mana ƙunshin kaya har bakin titi, ya ce mu riƙe tukunyar da bargon, ya ce haka Allah ya ƙaddara. Kafin zafi ya shigo na ji labari an yi wa ƙanensa iƙama, makiyayi.

Muka koma Karantina. Na yi dako, na yi gadi, na yi shara a masana'antu da sunan wani, kullum kunnena a titi. Ban ƙara samun irin waccan ƙofar ba. Cikin nan da maiɗakina take ɗauke da shi ta haife shi a ɗaki, a hannun wata tsohuwa, namiji. Bai taɓa zama a ajin gwamnati ba, yana tsaye a bakin lungu yana kallon sa'o'insa da jaka. Da ya zama saurayi aka kama shi a wani samame, aka kai shi ƙasar da bai taɓa gani ba, da Hausar da ba ta isa ciniki ba. Yana can har yau, muna gaisawa a waya. Uwarsa ta rasu ba ta sake sa shi a ido ba.

A duk shekarun nan Yaya kaɗai na riƙe a zuciyata. Idan muka haɗu a jana'iza mu gaisa, hannu ya taɓa hannu, kowa ya kama gabansa. Sauran mutanen gonar kuwa ban taɓa barin tunanina ya je kansu ba. Ina ziyartar su bayan an tashi gonar, ina zuwa sunan jikokinsu. Da Baba ya rasu ni ne a gaban makara, ina kuka kamar mahaifina. Idan rayuwa ta yi mini ɗaci sai in ce wa kaina, ai dai na taɓa zama da mutanen kirki, mutum ɗaya ne ya cuce ni.

Bara da sanyi aka aiko mini cewa Yaya yana kwance, yana nemana. Na yi kwana biyu ina ja da baya, sannan na je. Gida mai kyau, da kujeru masu laushi. Na same shi ya ƙanƙance a cikin bargo, idanun ne kawai nasa. Ya sa kowa ya fita.

"Ƙanena, ka zo."

"Na zo, Yaya. Ya jikin?"

"Jiki ya ƙare. Ka yafe mini."

"Zan yafe. Amma ina so in ji abu ɗaya daga bakinka. Ka san ruwan zai zo?"

Ya rufe ido ya buɗe.

"Ranar ban sani ba. Watan na sani. Na ce in ya zo ya zo, in bai zo ba rabonka ne. Ɗan'uwana nake dubawa."

Na ɗauka ya gama, har na fara gyara hulata. Sai ya ci gaba, a hankali, ba da mugunta ba, kamar mai sauke kaya.

"Ba ni kaɗai na sani ba. Wa ya shekara uku a gonar nan bai ga sel ba? Baba ya same ni da safe ya ce a gaya wa yaron nan. Na ce duk wanda ya buɗe baki ya ɗaure kayansa. Ba wanda ya buɗe."

Na ce masa na yafe, domin yana bakin kabari, kuma ina jin da gaske na yi. Ya rasu bayan kwana tara, na bi gawarsa.

Shi dai ya samu ya faɗa, ni na samu na amsa. Sauran mutanen gonar ne suka tsaya mini a rai. Kwana goma muna sa hannu a kwano ɗaya, suna matsa mini wuri kusa da garwashi, suna tambayata lafiyar maiɗakina, kowannensu ya san inda garken yake kwana. Na san tsoro ne, ni ma na ɗanɗani tsoron nan shekara da shekaru, ban ce da ni ne da na fi su ba. Amma kalma ɗaya ce, ko a bayan ɗaki, ko a hanyar rijiya, ko mace ta raɗa wa mace a bakin turmi. An ci amanata, kuma waɗanda na fi so ne suka ci. Duk sun riga mu gidan gaskiya, babu ko ɗaya da ya rage da zan je in zauna a gabansa in tambaye shi.